Hoton Kaka Ba Tsaga

Jiya 'yata ta miƙo mini wayarta tana dariya. Taurarin finafinan Indiya ne na zamaninmu, kowacce hoto biyu: wanda aka gyara da na ainihi. Ashe su ma suna da ƙuraje da tamoji! Ita tana dariya, ni kuwa sai na tuna da hoton kakata.

Ka san a lokacin, a Kaura Namoda, kalandar waɗannan mata ce adon ɗaki. Ni da ƙawayena mun ɗauka haka Allah ya yi su, fuska sumul. Akwai mai hoto kusa da tashar jirgi, shagonsa kullum warin ruwan wanke hoto. Na sha ganinsa ya duƙufa kan baƙin fim da fensir mai tsini, yana share wa amare tabo.

Wata shekara, bayan an yanke gero, kakata ta zo daga Zurmi, baba ya ce in raka ta a ɗauke ta hoto. Tsaga ce a kumatunta, daga gefen baki har kunne. In ta goya ni ina ƙarama, da yatsa nake binta har barci ya kwashe ni. Amma ranar nan kunyar tsagar na ji. Da muka fito, na koma da gudu na ce wa mai hoto, "Kaka ta ce a goge mata tsagar." Wallahi ba ta ce ba.

Da hoton ya zo, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce, "Wagga ɗiyar wa ta? Kyakkyawa, amma ba ta da gida." Aka yi dariya, aka zagi mai hoto. Ta miƙo mini. "Riƙe, ke ad da son irinsu."

Ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba. Damina biyu bayan nan ta rasu. Shagon ma yanzu cajin waya ake yi a ciki, dangin Zurmi kuwa rashin zaman lafiya ya watsa su, tsofaffin duk sun kwanta dama.

Na ɗauko hoton daga ƙasan akwati na ba 'yata labari. Ta ce gyara ai ba wuya, da wayar nan za ta mayar mata da tsagarta.

"Umma, layi nawa ne a kowane kunci?"

Na rufe ido, na ɗaga yatsa. Shida ne ko bakwai? Wayyo, na kasa tunawa.