Shekara Arba'in Bayan Yaya Sale, Har Yau Ba a Kashe Motar Ba

Daminar nan ta cika shekara arba'in da muka binne yayana Sale a Mabai. Allah Ya jiƙansa. Na so in yi rubutun nan da sanyin zuciya, na kasa.

Yaya ɗan dako ne a kasuwar Kankara, zamanin da kuɗin fetur suka tumbatsa, kowane ɗan kasuwa ya sayi babbar mota. Wani kamfanin sufuri ne ya ɗauke shi lodin dawa da masara, yau Kankara, gobe Faskari, jibi Sabuwa. Motocin kamfanin ba sa tashi sai da turi, gas kuma kamar kyauta yake a lokacin, saboda haka mai kamfanin ya kafa doka: mota in ta tsaya, ba a kashe ta. Haka za ta wuni tana gurnani, salansa na feso baƙin hayaƙi daidai inda ƴan dako ke sunkuyawa su ɗauki buhu. Yaya ya shekara goma sha ɗaya a bakin wannan salansa.

Da yamma akan miƙa wa kowannensu gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Duk mun yarda, har da ni da na yi boko. Yaya yakan huda gwangwanin da ƙusa, ya shanye, ya ce, "Shi ke nan, na wanke na yau." Da tarin ya tsananta, Inna ta sayar da tunkiya ta ƙaro madara. Wannan wautar tamu ce, kuma har yau tana ci mini rai. Amma mai kamfanin ya san gyaran mota ya fi gwangwani tsada, shi ya sa ya zaɓi gwangwani.

Yanzu kamfanin na hannun jikoki, motoci sun fi a ƙirga. Kullum suna rediyo suna alkawarin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sun ma sa wa kansu wa'adi can gaba, lokacin da yawancinmu muna ƙasa. Bara suka zo Mairuwa dashen itatuwa, a tsakiyar rani, ba rijiya ba shinge. Aka yi tafi, aka tafi, awaki suka yi walima. Na tsaya ina tunanin abin da Yaya zai ce. Shi ba mai dogon zance ba ne, na san zai tambaya ne kawai ko an fara kashe mota lokacin lodi.

Ba a fara ba. Ɗansa Lawal, wanda yake goye lokacin da uban ya rasu, shi ke lodi yanzu a Mairuwa, a wannan kamfani dai. Motocin yau da makulli suke tashi, amma direba na ciki yana shan sanyin na'ura, don haka inji ba ya mutuwa. Tun bazara Lawal ke tari.

Watan jiya manajan kamfanin na yankinmu ya neme ni. Suna bikin tunawa da kafuwar kamfani, suna son hoton Yaya su sa a allon tallarsu ta kare muhalli, a matsayin ma'aikacinsu na farko-farko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku dai hana barin mota kunne in ana lodi. Wanga ba ya buƙatar taro." Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai yana cikin tsarinmu na dogon zango." An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya kasa murɗa makulli don mutumin da ke tsaye a bayan motarsa, shi ne zai ceci duniya?

Yaya bai bar gona ba, bai bar gida ba. Ya bar suna mai kyau, har yau tsofaffin kasuwa na cewa buhu bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya kuma bar ɗa mai irin kafaɗarsa da irin haƙurinsa, haƙurin da na fara tsana. Na ce wa Lawal ya bar aikin, ya ce, "Baba, in na bari, mi yara za su ci?"

Hoton Yaya yana nan cikin akwatina, ba zai fita ba. Ran Litinin zan kai Lawal asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Duk abin da ya nuna, shi zan aika wa manaja ya sa a allonsa.