Tantabarun Baba Dankure Sun Ƙi Zaman Gwadangaji

Surukina Baba Dankure masunci ne a Argungu tun yana yaro, har ranar da gwiwa ta ce ta gaji da shiga ruwa. Sai ya rataye koma, ya shiga kiwon tantabaru. Da matarsa ta rasu, ɗiyarsa Kulsumi, wato maiɗakina, ta dage sai ya dawo wurinmu Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, kusa da asibiti. Bai yi musu ba. Ya zo da buta, da rediyo, da tantabaru goma sha tara. Ni na ƙirga su.

Washegari da hantsi muka buɗe akurki, suka tashi, suka kewaya gidan sau ɗaya kamar masu duba haya, suka miƙe Argungu.

Baba ya ɗauki sanda. "To, ɗiyata, sai in bi su. Amana ta."

Ya dawo da su bayan kwana uku, fuskarsa fes, yana ƙamshin kifi.

Ni ba na ganin matsala in zauna. Na duba waya: ta sama, Birnin Kebbi zuwa Argungu bai kai kilomita hamsin ba. Tantabara ba ta jiran mota ta cika, ba ta tsayawa shan mai. Kafin Baba ya sami kujera a tasha, su sun isa har sun yi wanka. Na kawo shawara a sa su manta hanya. Na ɗauko tsohon akurkinsu daga Argungu a bayan akori-kura. Suka koma suka zauna a filin da akurkin yake a da. Na kawo jarkar ruwan gulbin Rima daga Argungu. Suka sha, suka tafi. Na sayo tantabarun birni guda shida don su koya musu zaman gari. Washegari aka wayi gari a Argungu da ashirin da biyar.

Na ce, "Baba, ko a rage musu fiffike?"

Ya dube ni. "Kai da ba ka da shi, wa ya rage maka?"

Na bar maganar.

Kulsumi ta ce a rufe akurkin gaba ɗaya. Na sa kwaɗo, na riƙe makulli. Mako guda ba wanda ya tashi. Baba ya bar rediyonsa, yana zaune a inuwar katanga yana kallon gabas, tuwo na komawa kicin yadda ya fito. Na ƙirga lomarsa, abin bai yi mini daɗi ba.

Ranar Juma'a Kulsumi ta miƙo hannu. "Malam, ba ni makullin."

"Za su gudu fa."

"Na sani."

Ta buɗe da kanta. Baba ya miƙe ba sanda, ya bi su da ido har suka ɓace.

"Kin gani ko? Ba ni na ba, su na."

"Su ne, Baba. Ga maganin gwiwarka, safe da yamma."

Yanzu a Argungu yake. Duk wata yakan zo ganin likita da kwandon tantabaru a cinya, ya kwana biyu. Idan ya ƙosa, ba ya sallama da kowa. Sai dai mu ji fiffike a tsakar gida, ni kuma in fita neman Keke Napep da zai kai shi tasha.