Giɓin da ke Gaban Kukan Kifi

A ofishin, kowa Baba Kunne yake ce masa. Gyaran sauti ya yi a gidan rediyo har ya yi ritaya, sannan 'yarsa ta janyo shi wurin aikinta, inda ake nazarin yadda kifayen wel, ƙattin nan na teku, ke magana da junansu. Ita ke fita a jirgi ta zura makirfo cikin ruwa. Shi kuma yana ɗaki, yana koya wa ƙirƙirarriyar basira ta tace kukan kifi daga hayaniya: ƙarar inji, iska, muryar mutum.

Al'adar masu naɗar sauti ce su faɗi rana da wuri kafin makirfo ya nutse. Ita takan ƙara nata: "Baba, cire hular nan kunnenka ya sha iska." Sai dariya.

Mota ce ta buge ta a hanyar dawowa daga tashar jirgi.

Bayan makoki ya koma aiki, ba don kifi ba. Ya sa abin sauraro, ya buɗe faifai na farko. Muryarta ba ta ciki. Ya buɗe na gaba, ya buɗe na bayansa. Ko tarinta babu.

Ya tarar da shugaban aikin yana kurɓar shayi.

"Ina muryar yarinyata?"

"Baba, zauna mana. Da ba ka nan na'ura ta tace komai. Ma'aji ya cika, sai muka goge faifan asali."

"Kuka goge."

"Wallahi ba mu kawo a ranmu ba. Kuma ai kai ka koya mata muryar mutum hayaniya ce."

"Ni na koya mata. Ku fa, wa ya koya muku?" Bai ɗaga murya ba. "Kun ƙagu ku ji abin da kifi ke gaya wa ɗansa a ƙasan teku. Wadda ke gaishe ku kowace safiya kuwa kun share ta kamar ƙura."

Shugaban ya ajiye kofi. "Saura giɓin da muryarta ta bari. Gobe na'ura za ta haɗe shi."

"Duk wanda ya taɓa giɓin nan, ni da shi ne."

Ba a taɓa ba.

Har yau giɓin yana wurin. Kowane faifai da shiru yake farawa, daidai tsawon maganarta. Idan shirun ya ɗan zarce, ya san abin da ta ce. Sai ya cire hular.