Taguwar da ta jira mai tumbi

Jama'a, jiya taguwar kakana ta kama ni. Hannuwa sama, kai a ciki, ba shiga ba fita.

Cikin adakar kakata Iya Hajo na ɗauko ta, don in sa in kwaikwayi tafiyar marigayi mijinta ta yi dariya. Taguwar saƙi ce, ita ta ɗinka masa da hannu a garin Cadawa shekarar da Nasara suka bar mana ƙasa. Saƙi kuwa ba ya miƙewa.

Ƙanena ya rugo da almakashi. Iya ta ce masa, "Ka yanki rigar nan, in yanki kunnenka." Ta jawo ni, "Zauna nan, mijin banza."

Daga cikin riga na ce, "Amarya, wai mijinki na fari karan dawa ne?"

Ta sa reza tana warware ɗinkin gefe a hankali, daga hammata zuwa ƙasa. Sai ga ƙyalle mai faɗin tafin hannu naɗe a kowane gefe, fari tas kamar yau aka saƙa shi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Wurin ƙiba na bar masa. Lokacin an ce mana tunda Nasara sun tafi, kowa zai ƙoshi. Har ya koma ga Allah ban buɗe ba."

Ta sake ɗinkewa, riga ta zauna mini cif. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, ga mai tumbin ya zo."

Yau na kasa tsokanarta. Ku fa, a gidanku wane kaya aka ajiye yana jiran mai shi?