Gwangwanin da ke gindin randa

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kudu, mu uku, za mu duba ajujuwan rainon yara a ƙauyukan Gwaram. Muna sauka daga kwalta muka gane damina ta cinye hanya, direbanmu kuwa duk ramin da ya gani sai ya tsaya sun gaisa. Ƙosan da muka saya a tasha kamar tsakuwa, yunwa ce kawai ta sa muka yafe wa mai shi.

Da hantsi muka isa wata makaranta. Aji tsaf, yara kan tabarma suna ta waƙa, har na fara murna. Sai wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta tashi shan ruwa. Ta wuce moɗar da kowa ke sha da ita, ta ɗauki gwangwanin madara a gindin randa, ta tsaya har malama ta tsiyaya mata daga sama.

Na tambaya ko ba ta da lafiya ne. Malamar ta rage murya: "Hajiya, lafiyarta ƙalau. Mata biyu ke riƙonta, gida ɗaya, ba namiji, kin dai san abin da gari ke faɗa. Iyaye sun ce in ta taɓa moɗar za su kwashe 'ya'yansu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko ma mece ce tsakanin manya, ita me ta yi? Shugaban makarantar ya shigo da dogon bayani, wai ai sun yi ƙoƙari da suka karɓe ta ma. Ƙoƙari! Na ɗauki gwangwanin, na ce a zuba mini. Ina kai shi baki yarinyar ta kama zanina.

"Kar ki sha, Hajiya. Na sa baki, ya ɓaci."

Na sha, na shanye. Shugaban ya yi alkawarin jefar da gwangwanin, irin alkawarin da ake yi wa baƙo mai shirin tafiya.

Bayan la'asar muka dawo gida, ko furar da aka kawo mini ban taɓa ba. Shekaru ina ƙorafin yaran ƙauye ba sa riƙe abin da aka koya musu. Ashe suna riƙewa. Wannan yarinya ba wanda ya tuna mata, da kanta ta faɗa.