Mai Kunci da Wayar Yayarsa

A layin masu gyaran waya Mai Kunci ake ce masa, don duk batirin da aka miƙo masa sai ya kara shi a kunci kamar mai duba zazzaɓin jariri. Shekara ashirin da biyu yana fama da ƙarfen dalma har yatsunsa suka daina jin zafi, shi ne ya koma awo da fuska. Maƙwabta su yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: tebur, fanka, da bokitin yashi a bakin ƙofa.

Karatunsa ɗaya ne ga kowa. Batiri ya yi ɗumi yana caji ba laifi ba ne, amma a bar shi ya sha iska. In aka danne shi, zafin ya rasa hanyar fita, sai ya kumbura, daga nan sai hayaƙi da wuta.

Kowa ya ji wannan karatu ban da yayarsa. Ita jaka mai kauri ta saƙa wa wayarta, a ciki take cajinta, a ƙarƙashin matashi, saboda a wayar kaɗai muryar marigayiya mahaifiyarsu ta rage.

Ranar da ta kawo ta, murfin baya har ya ɗage. Ya kara a kunci, ya janye da sauri. Ba ta kan caji, amma ga zafi.

"Yaya, tattalinki ne ya dafa ta," in ji shi.

"Kai dai kar ka ɓatar min da muryar Inna. In ba ka iyawa, ba ni abata."

"Tsaya daga waje."

Tsoro ya kama shi sosai, don huda ɗaya a batirin ta isa wayar ta ƙone ƙurmus, ga yatsu ba sa ji. Ya ture ƙarafansa gefe, ya ɗauko tsohon katin roba, ya dinga ɓamɓare gam ɗin da ke riƙe da batirin kaɗan-kaɗan, yana sunkuyar da fuska ya ji ko zafin ya ƙaru. Da batirin ya fita, ya binne shi a yashi, ya sa sabo, ya kunna.

Yayar ta shigo ta danna wani tsohon saƙon murya, muryar Inna ta cika shagon: "Ki gaya wa ƙaninki ya riƙa karyawa kafin ya fita. Yaron nan ba ya jin magana."

Bai taɓa jin saƙon ba. Ya karɓi wayar ya sake kara ta a kunci, ko da yake ya san ta huce, ya daɗe bai sauke ba.