Asabar ɗin da Ban Gaida Inna Ba

Yanzu talabijin tana jiran mutum. A gidan 'yata da ke Longsight, cikin Manchester a Ingila, na ga jikata ta danna wani abu, mutanen cikin akwatin suka sandare, ta je kicin ta sha ruwa ta dawo, suka ci gaba. A zamaninmu abin da ya wuce ka ya wuce ke nan. Ranar an cika falo ana kallon bikin cikar shekarun wani tsohon shirin Turawa, na masu yawo a sararin samaniya suna faɗa da dodannin ƙarfe. Ina jin kiɗan farkonsa na ɗauki sandata. Jikar ta ce, "Angona, tsoro kake ji? Zo in riƙe maka hannu." Na ce, "Tafi can, na san shirmen nan tun ba a haifi uwarki ba." Aka yi dariya, ban da ni. Na tsani shirin nan, kuma ba yau na fara ba.

Ina ɗan shekara huɗu aka kai ni riƙo gidan wata Baturiya a Sparkbrook, cikin Birmingham, muna ce mata Anti Morin. Baba yana karatun injiniya a Manchester, Inna tana koyon aikin ungozoma, suna zaune a ɗaki ɗaya a Hulme, mai gidan kuma ba ya son yara. Sunana Sama'ila, amma a gidan na koma Sam. Ni ne mai ɗebo kwal daga ɗakin ƙasa kowace safiya, hannuna baƙi ƙirin, in jera kwalaben madara a bakin ƙofa, in share tokar murhu. Banɗaki yana can bayan gida, da sanyi sai ka yi shawara da kanka kafin ka fita. A filin makaranta mukan huda 'ya'yan wata bishiya mu zura musu zare, mu riƙa gwabza su har na wani ya fashe. Ranar Asabar da yamma kuwa layin kan yi tsit, kowane yaro yana gaban akwati yana kallon shirin nan, mu da 'ya'yan Anti Morin biyu muna ƙasa da farantin dankali a cinya.

Inna takan zo sau ɗaya a wata a jirgin ƙasa. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta rungume ni, ba ta ma kallona sosai a gaban mutane. Takan zauna a gefen kujera, in durƙusa in gaishe ta da 'yar Hausar da ta rage mini, ta amsa tana kallon bango, ta turo mini ƙullin dambun nama. Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan. Anti Morin ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Inna na fita sai ta ce, "Wace irin uwa ce wannan? Ko sunanka ba ta iya faɗa." Ta faɗa, ta sake faɗa, har na yarda.

Ina shekara tara shirin ya yi nasa bikin na cika shekara goma. Mun yi makonni a makaranta ba mu da zance sai shi. Ranar ana tsakiyar sanyi, duhu ya shigo tun la'asar, na matsa har hancina na neman taɓa gilashin. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, ba kuma ranar zuwanta ba ce, ta goyo ƙanwata Binta, wadda aka haifa bayan sun sauya gida, a cikin babbar rigar sanyi. Ban san ta gama karatu ba, ban san a makon za ta koma Kano ba. Ban san Baba ya ce mata, "Je ki gani. In yana son binki ki taho da shi, in ya saba can a bar shi ya gama makaranta." Ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofar falo. Ta sauke Binta, na ji ta ce a hankali, "Je ki ce wa wancan ya zo ya gaishe ni." Binta ta ja rigata, na ture ta da gwiwar hannu. Ko waiwayawa ban yi ba, na ce da Turanci su jira a gama. Anti Morin ta ce, "Ki ƙyale shi, Misis, an kusa. Yaran nan sun daɗe suna jira." Makunnin talabijin ɗin yana kusa da hannunta, ko sautin ba ta rage ba. Inna tana jin Turanci sarai, amma bakinta ba zai iya cewa ta zo ɗaukar ɗanta a gaban baƙuwa ba. Ta tsaya, lokacin jirgi yana ƙaratowa. Da kiɗan ƙarshe ya tashi na juya, babu kowa, sai shayin da aka zuba mata ya huce a kan tebur. Anti Morin ta ce, "Ka gani ko? Ko sallama ba ta yi maka ba." Wallahi yau ko za a yanka ni ban tuna abin da dodannin suka yi a ranar ba.

Na ƙara shekara huɗu a gidan. Da Baba ya kai ni Kano babu Hausa a bakina, na koye ta kamar baƙo, yara na kwaikwayona. Gwaggona ce ta gaya mini cewa ranar Inna ta je da jaka babu komai a ciki, don ta zuba kayana, haka kuma ta koma da ita. Daga baya na yi Larabci a Khartoum, na yi Faransanci a Yamai, na zauna da Fulani a Marwa inda kunyar ɗan fari ta fi tamu tsanani. Duk inda na je, in baƙo ya shigo akan kashe rediyo a tashi. A ƙasar nan kaɗai na ga an bar uwa a tsaye don kada yara su rasa tatsuniyar gwangwani, su kuma har gobe suna yi mata biki.

Yanzu 'yata tana ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa a bakin makaranta, ta sumbace shi kowa na gani, ba na ce mata komai. Inna ta yi tsawon rai, na gina mata gida, na kai ta Makka. Amma bayan wannan Asabar ba ta sake aiko kowa ya kira ni ba. Har ta rasu, gaisuwa ce kawai tsakanina da ita.